Ƙofar gida a Guangzhou da maganar feng shui: me za a ɗauka, me za a bari?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina zaune da iyalina a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, a gidan haya a saman bene. Da an buɗe ƙofarmu sai falo kai tsaye, kuma tana kallon ƙofar baranda ɗoɗar, ga wani dogon madubi da muka jingina kusa da barandar yana fuskantar mai shigowa. Abokan hulɗata Sinawa da suka zo cin abinci sun ce mashigar ba ta yi ba a ilimin feng shui, wai arziki ba zai zauna ba. Matar mai gidan ta ce in sa shamaki, in kawar da madubin, in shimfiɗa jar darduma a bakin ƙofa, in kuma rataya wani ƙaramin madubi mai kusurwa takwas a saman ƙofar daga waje. Ni ma dai ina jin mashigar ba ta da daɗi, domin baƙo yakan tsaya yana kame-kame cikin tarin takalma. Shin akwai hikima a cikin wannan abu ko canfi ne kawai? Kuma yaya zan gyara ƙofar ta zama mai karɓar baƙi ba tare da na taɓa imanina ba?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Idan na fahimce ka da kyau, abubuwa biyu ne suka haɗe maka: kana son sanin dalilin da ya sa kai da baƙinka ba ku jin daɗin mashigar gidan, sannan kana son a tace maka shawarwarin da aka ba ka domin ka san wadda za ka iya ɗauka da kwanciyar hankali. Sana'ata zanen gine-gine da tsara cikin gida, a ƙasar Sin na yi karatunta, kuma na yi aikin gyaran gidajen bene irin naka tare da Sinawa masu riƙo da wannan ilimi da waɗanda ba su damu da shi ba. Ni ba gwanin feng shui ba ne irin wanda ake biya ya zo da kamfas, ba kuma malamin fiƙihu ba ne, saboda haka abin da zan ba ka shi ne ra'ayin mai gini. A taƙaice, daga cikin shawarwari huɗu na matar mai gidan, biyu suna da dalili mai ƙarfi ko da mutum bai yarda da kome na feng shui ba, ɗaya ado ce da ba ta cutar da kowa, ɗaya kuma ina ganin ka bar ta.

Asalin abin

Feng shui bai fara a matsayin hanyar ƙawata falo ba. Ilimi ne na zaɓen wuri, wato inda ya dace a binne mamaci, inda ya dace a kafa ƙauye, da inda gida zai fuskanta. Ana jingina tsohon bayaninsa ga wani masani mai suna Guo Pu, wanda ya rayu daga shekarar 276 zuwa 324 miladiyya, kuma jigon maganar shi ne akwai wani ƙarfi mai gudana a ƙasa da sarari, wanda suke kira "ci", iska tana tarwatsa shi, ruwa kuma yana tsare shi. Daga nan aka fitar da siffar wurin da ya fi kyau: tudu a bayan gida ta arewa, ƙananan tuddai a gefe biyu, fili a gaba, sannan ruwa mai tafiya a hankali ta kudu. Duk wanda ya taɓa yin sanyin arewacin Sin ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan siffa. Iskar hunturu daga Saberiya da Mongoliya take kaɗowa, ta arewa da arewa maso yamma, rana kuma a lokacin ta kudu take bi a ƙasa-ƙasa, saboda haka gidan da ya ba arewa baya ya buɗe fuskarsa kudu ya tsira daga iskar ya kuma sami ɗumi kyauta. Fadar sarakuna ta Bejin, wadda aka gina tsakanin 1406 da 1420, kudu take kallo, an bi da wani rafi ta gabanta, kuma da yake babu tudu a bayanta sai aka tara ƙasar da aka haƙo daga ganuwar ruwan da ta kewaye fadar aka yi tudun Jingshan da ita.

Daga baya ilimin ya rabu gida biyu, kuma sanin wannan rabuwa shi zai fi taimaka maka wajen tacewa. Ɓangare na farko, wanda ake dangantawa da Yang Yunsong na ƙarshen daular Tang da yankin Jiangxi, siffar wuri yake dubawa: yadda tudu ya kwanta, yadda hanya ta karkata, inda iska take shiga, abin da ido yake fara gani. Ɓangare na biyu, wanda ya yi ƙarfi a yankin Fujian, lissafi ne da kamfas na musamman mai zobba da yawa, wanda ya raba sararin duniya zuwa fuskoki 24, kowace digiri 15, sannan a haɗa da shekarar haihuwar mai gida da zagayowar taurari a fitar da hukuncin sa'a ko rashinta. A wani reshe na wannan lissafi ana raba zamani zango-zango na shekara 20, an fita zango na takwas an shiga na tara a 2024, ma'ana ƙofar da aka yaba a 2010 tana iya zama abin gudu yau alhali ko ƙusa ɗaya ba a canza mata ba. Akwai kuma salo na uku da Lin Yun ya yaɗa a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1980, wanda ya jefar da kamfas ya mayar da ƙofar shiga ma'aunin kome, kuma yawancin abin da za ka gani a intanet da Turanci daga wannan salo ya fito. Ɓangaren farko cike yake da lura ta gaskiya da aka tara cikin ƙarnuka. Sauran biyun duba ne, kuma babu wani awo na kimiyya da ya tabbatar da wanzuwar "ci" ko ya nuna cewa fuskar ƙofa tana ƙara kuɗi a aljihu.

Kada ka ɗauka abokan hulɗarka wasa suke yi. Gwamnatin kwaminis ta sanya feng shui cikin camfe-camfen da ta yaƙa bayan 1949, musamman a juyin al'adu na 1966 zuwa 1976, amma abin ya ci gaba da rayuwa a Hong Kong da Taiwan da Singafo, ya kuma dawo kudancin Sin da ƙarfinsa bayan buɗe kasuwanci. Hedkwatar bankin HSBC da ke Hong Kong, wadda Norman Foster ya zana aka kammala a 1985, an karkatar da matakalanta masu tafiya da lantarki bisa shawarar masu wannan ilimi, kuma lokacin da ake gina filin wasa na Disneyland na birnin, wanda aka buɗe a 2005, an juya babbar mashigarsa da digiri 12 saboda dalili irin wannan. Ɗan kasuwar Guangdong, lardin da Guangzhou take ciki, da ya ce maka ƙofarka ba ta yi ba yana nuna maka kulawa ne, kuma yana kallon yadda ka karɓi maganar.

Abin da suke nema a bakin ƙofa

A wurinsu ƙofar shiga ita ce bakin da gida yake shaƙar "ci" da shi, kuma sharuɗɗan da suke gindaya mata ba su da yawa idan aka cire ƙarin gishiri. Suna son fili mai haske a gabanta inda abin da zai shiga zai taru tukuna, suna son ta buɗe gaba ɗaya ba tare da wani abu ya tokare ta ba, kuma suna son abin da ya shigo ya rage gudu, ya karkata, ya zagaya cikin gida maimakon ya wuce a miƙe. Ka cire kalmar "ci" ka sa baƙo a gurbinta, za ka ga kusan duk sharuɗɗan sun tsaya da ƙafarsu. Mutumin da ya fito daga titi ko daga lif yana bukatar wurin da zai ɗan dakata, ya cire takalmi, idonsa ya saba da hasken ciki, a yi masa maraba, kafin ya tsinci kansa a tsakiyar iyalin wani. Gidanka ba shi da wannan wurin dakatawa, kuma shi ne tushen kame-kamen da ka lura da shi.

Tsoffin gidajen Bejin masu tsakar gida a tsakiya da ɗakuna a gefe huɗu sun warware matsalar da gini. Babban ɗaki yana kallon kudu, amma ba a sa ƙofar waje a tsakiyar bangon kudu ba, a kusurwar kudu maso gabas ake sa ta, kuma da ka tsallake dokin ƙofa mai tsawo sai ka ci karo da wani bango da aka yi wa ado, dole ka juya hagu kafin ka isa tsakar gida. Bayanin gargajiya shi ne miyagun iskoki a miƙe kawai suke tafiya, ba sa iya kwana. Aikin da bangon yake yi a zahiri kuwa shi ne hana mai wucewa a lungu leƙa cikin gida da kuma karya ƙarfin iska mai ƙura. Wanda ya tashi a gidan da ke da zaure ya san wannan tsari tun yana yaro, domin maginan ƙasar Hausa ba sa daidaita ƙofar waje ta zaure da ƙofar da ke shiga cikin gida, sai an karkata, wani gidan ma sai an bi ta shigifa, kuma babu wanda ya taɓa kawo maganar "ci" a ciki. Musulmin Sin su ma sun riƙe wannan bango: babban masallacin birnin Xi'an yana da shi a mashigarsa ta gabas, da adon furanni a jikinsa, yayin da ginin duka ya miƙe yamma saboda alƙibla. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce an shar'anta neman izinin shiga ne saboda gani, to shamakin da ke tare ganin mai shigowa yana hidima ga abin da kai ma ka riga ka yarda da shi.

Ƙofar da ke kallon baranda

Wannan ita ce babbar matsalar gidanka, kuma Sinawa suna da suna na musamman gare ta, suna lissafa ta cikin manyan aibobin gidan bene: iska ta shiga ta gaba ta fice ta baya, arziki ya bi ta. Dalilan da ni nake gani guda uku ne, kuma ba su da nauyi ɗaya. Mafi sauƙi shi ne iska: idan ƙofa biyu suka daidaita a hawa mai nisa, da an buɗe ta gaba sai iska ta fizgo, takardu su tashi, ƙofofin ɗakuna su riƙa bugawa. Na biyu shi ne sirri, domin duk wanda ya tsaya a bakin ƙofa, ko mai kawo saƙon abinci ne, yana ganin falon tun daga farko har ƙarshe, har da shanyar da ke baranda, kuma na tabbata uwargida ta fi ka sanin wannan damuwa. Na uku shi ne wanda mutane ba sa lura da shi, amma a ganina shi ya fi ɓata tarbar baƙo. Farfajiyar bene yawanci duhu-duhu gare ta, barandar kuwa a Guangzhou haske ne mai kashe ido, to idan ka buɗe wa baƙo ƙofa hasken yana bayanka, fuskarka ta zama inuwa, shi kuma yana ƙifta ido bai ga murmushinka ba balle ya ga inda zai sa ƙafa. Sakan biyu ko uku ne kawai, amma a cikinsu ne mutum yake yanke hukuncin ko an yi murna da zuwansa.

Shawarar shamaki ta yi daidai, sai dai irin shamakin ne abin dubawa, kuma a nan ne nake saɓa wa waɗanda ke kwafo dokar Bejin su ɗora wa kudu. Guangzhou tana kusan digiri 23 arewa da tsakiyar duniya, zafi da laima ne matsalarta, iskar da ke ratsa gida kuwa ita ce sauƙin da ake nema yawancin shekara. Mutanen birnin sun san haka tun da daɗewa. Idan ka sami sarari ka shiga unguwar Xiguan da ke gundumar Liwan ka dubi tsoffin gidajen attajirai, za ka ga ƙofa hawa uku: gajeriyar ƙofa mai ɓangare biyu a waje wadda take tare ganin mai wucewa, sai wata ta sandunan katako a kwance da ake turawa gefe, wadda ke hana ɓarawo amma ta bar iska, sannan babbar ƙofar katako da ake rufewa da dare. Sun raba aikin tare ido da aikin tare iska, sun ɗauki na farko sun bar na biyu. Abin da nake so ka kwaikwaya ke nan.

Zaɓin da na fi yi wa masu haya shi ne kabad ɗin takalma mai tsawon kimanin mita ɗaya, a ɗora masa sandunan katako a tsaye har su kai kimanin mita biyu daga ƙasa, da tazarar yatsa biyu ko uku a tsakaninsu, a girke shi yadda zai yanke layin da ke tsakanin ƙofa da baranda. Ba a huda bango ba, ba a taɓa daɓe ba, ranar tashi kuma ka ɗauki abinka. Zurfin santimita 35 ya ishi takalmin babban mutum. Ka bar aƙalla mita ɗaya da santimita 20 tsakanin ƙofa da kabad ɗin, domin ƙofar ta buɗe sosai mutum biyu kuma su iya tsayawa su gaisa, kuma hanyar da za a bi ta gefe kada ta gaza santimita 90, in ba haka ba ka magance wata matsala ka haifi wata, musamman ranar da za a shigo da kwalayen samfurin kaya. Ba lallai ne shamakin ya rufe faɗin falon ba, ya isa ya fi faɗin ƙofar da ɗan kaɗan. Idan falon ya yi ƙanƙanta da ɗaukar kabad, shamaki mai naɗewa ya wadatar, kodayake yara kan ture shi. Labule shi ne mafi arha, amma ni ba na son sa a wannan gari, domin yana shan laima yana wari, iska kuma tana ɗaga shi a daidai lokacin da ake bukatar ya tsaya. Gilashi mai hazo yana da kyau ga ido kuma yana barin haske, sai dai yana tare iska kamar bango, kuma dole a kafe shi, wanda ke bukatar yardar mai gida.

Ka tabbata kabad ɗin yana da ƙofofi masu tsaga-tsaga ko ramukan shan iska. Tsakanin watan Fabrairu da Afrilu akwai kwanakin da iskar kudu mai ɗumi ke haɗuwa da bangon da ya yi sanyi, har tayil da madubi su riƙa zufa, kuma takalmin fata da aka kulle a rufaffen kabad a wannan lokaci fumfuna yake yi. A waɗannan kwanaki ma rufe ƙofar baranda ake yi gaba ɗaya.

Madubi, haske da abin da hanci ke ji

A kan dogon madubin, masu feng shui sun ce yana mayar da alherin da ya shigo waje. Ni dalilina shi ne mutumin da ya shigo wurin da bai sani ba, ya ga wani ya nufo shi, jikinsa yakan ɗan zabura kafin ƙwaƙwalwarsa ta gane cewa hoton kansa ne, kuma da dare abin ya fi muni. Ban da haka, madubin da ke kallon ƙofa yana nuna wa na farfajiya sassan gidan da ba zai gani ba in babu shi. Kada ka jefar da shi. Ka mayar da shi bangon gefe kusa da ƙofa, inda mai fita zai duba hularsa, inda kuma zai sa ƙaramar mashigar ta yi kamar ta fi faɗi, wannan wuri kuwa su ma masu ilimin sun yarda da shi. Tunda akwai yara, a ɗaure shi da bango.

Tarin takalma ba ya bukatar falsafa. Sinawa ma cire takalmi suke yi a ƙofa kamar mu, kuma al'adarsu ce a miƙa wa baƙo silifas na cikin gida, saboda haka ka ajiye wasu masu tsabta a wurin da hannu zai kai, ka kuma sa ɗan benci mai tsawon santimita 40 zuwa 45 daga ƙasa domin dattijo ya zauna ya kwance igiyar takalminsa. A ƙasa kada a bar fiye da abin da ake sawa a ranar. Ka duba bayan ƙofar ma, domin yawancin gidajen da na shiga akwai tsintsiya ko lema ko keken yaro a nan da ke hana ta buɗewa sosai, mai shigowa ya riƙa kutsawa a karkace. Idan tana ƙara a sa wa maƙallanta mai.

Mashigar tana bukatar fitilarta daban, da makunni a inda hannu zai taɓa da an shigo. Ka zaɓi ƙwai mai haske ɗumi, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa, maimakon fari fat irin na asibiti, kuma ka sa shi yadda zai haska fuskar mai tarba da jikin shamakin. Abin da baƙo zai fara gani shi ne wannan shamaki, to a sa masa abu ɗaya mai kyau, ko tukunyar shuka ko ƙaramin zane, kada a cika. Sinawa suna son shuka mai rai a nan, kuma abin dariya shi ne biyu daga cikin waɗanda suka fi sayarwa a kasuwannin furanni asalinsu daga wajenmu ne: wadda suke kira gorar sa'a, mai tsiro a cikin ruwa, daga tsakiyar Afirka take, dangin moda mai dogon ganye kuma daga yammacin Afirka, dukansu suna jure ƙarancin haske. Shukar da ta bushe a cire ta nan take. Ka guji fararen furannin da suke kaiwa wurin makoki. Game da wari, turaren wuta kaɗan kafin zuwan baƙi ya isa, amma ka kula da na'urar gano hayaƙi, kuma ka san cewa wasu Sinawa suna danganta hayaƙin turare da wurin bauta ko tunawa da magabata, saboda haka humra ko turaren fesawa mai sanyi ya fi dacewa ranar da su ne baƙin.

Jar darduma ado ce. Ja launin murna ne a wurinsu, shi ake sawa a biki da sabuwar shekara, kuma a zamanin sarakuna jar ƙofa alamar babban matsayi ce da ba kowa aka yarje wa ba. Shimfiɗa ta ba ya ɗauke da wata ibada, baƙinka za su ji daɗin gani, matar mai gidan kuma za ta ga an ɗauki maganarta. Ka dai zaɓi wadda ba ta santsi, wadda ba rubutun neman sa'a a jikinta, mai faɗin ƙofar. Ban da ita kada ka ajiye kome a farfajiya, domin dokar kashe gobara ta ƙasar ta hana tare hanyar tsira, masu kula da bene kuma suna iya kwashe kabad ko takalman da aka bari a waje.

Madubi mai kusurwa takwas

Wannan shi ne wanda na ce ka bari. Ba kayan gini ba ne, ba ya tare iska ko ido, ba ya ƙara haske. Laya ce: madubi a tsakiya, kewaye da alamomi takwas na tsohon littafin dubansu, ana rataya shi domin ya mayar da sharri inda ya fito. Duk amfaninsa ya rataya ne a kan imani da cewa abin yana karewa, kuma a nan ne ni a matsayina na Musulmi nake tsayawa, tare da gumakan zaki, da kwaɗo mai kuɗi a baki, da hotunan masu gadin ƙofa da ake mannawa a sabuwar shekara, da lissafin fuskar ƙofa bisa shekarar haihuwa, da ma'aunin kafinta mai gidaje takwas da ake auna faɗin ƙofa da shi domin ta faɗa gidan arziki. Hukuncin shari'a dalla-dalla na malamai ne, kuma kana da su kusa, a masallacin Huaisheng da sauran masallatan birnin. Ko a tsakanin Sinawa ma wannan madubi yana jawo rigima, domin a gidan bene abin da yake kallo shi ne ƙofar maƙwabci, maƙwabcin kuma yana fassara shi da cewa kana tura masa sharrinka, har wani ya rataya nasa ya rama. Wannan kaɗai hujja ce da za ka iya ba matar mai gidan ba tare da doguwar muhawara ba: ka gode mata, ka nuna mata shamakin da madubin da ka matsar da dardumar, ka ce ba ka son ɓata wa maƙwabci rai kuma addininka bai ba ka dama ba. Musulmin ƙabilar Hui sun daɗe da samun mafita a kan saman ƙofa, inda suke sa ƙaramin allo mai rubutun Larabci, Sinawa kuma sun san alamar gidan Musulmi ce, suna girmama ta. Idan za ka sa irinsa ka nemi izinin mai gida tukuna, ko ka sa shi daga ciki.

Ban ga gidanka ba, kuma awon da na bayar na falo matsakaici ne. Akwai abubuwan da za su iya canza shawarar: idan ƙofar waje take buɗewa maimakon ciki, idan ƙofar banɗaki ko ta kicin tana daf da mashigar, ko idan ƙofar lif tana kallon taka kai tsaye, wanda shi ma suna ƙyamarsa, ni kuma ina ganin matsalarsa hayaniya ce da idon masu fitowa. Kafin ka sayi kome, ka jera kwalaye a inda kabad ɗin zai tsaya har tsawon da na faɗa, ku zauna da su kwana biyu, ka fita ka shigo da rana da kuma dare, ka sa uwargida ta tsaya a farfajiya ta faɗa maka abin da take hangowa. Idan kwalayen sun takura hanya ko sun duhunta falon, a rage faɗi ko a ƙara tazarar sanduna.

Idan kuma wata rana ka tashi gina naka a gida, ka ɗauki darasin wurin dakatawa da karkatar da ƙofa, amma ka bar dokar fuskantar kudu a inda aka yi ta. An kafa ta ne domin neman rana a ƙasar sanyi, Bejin tana kusan digiri 40 arewa, Kano kuwa kusan 12, inda rana take bi ta saman kai kuma gudunta ake yi. A Kano abin da mai zane zai lissafa maka shi ne zafin ranar yamma da ke gasa ƙofar ƙarfe bayan azahar, da ruwan sama mai iska da yawanci ke bugowa daga gabas, da ƙurar hunturu daga arewa maso gabas, kuma rumfa mai zurfi a saman ƙofar tana rage biyu na farko ko da filin bai ba ka zaɓin fuska ba.